Yayana ko tsohon ma'aikacin Baba: wa zan ba kujerar manaja?

Autan Gida: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da Baba ya damƙa min ragamar kamfaninmu saboda jiki ya yi nauyi. Mu 16 ne, shida 'yan gida. Yanzu kujerar manaja ba kowa. Akwai wani dattijo da ya shekara 19 tare da Baba, makullin sito a hannunsa yake, kwastomomi shi suka sani. Ga kuma Yayana, bai cika shekara biyu da shigowa harkar ba, amma har ya fara gaya wa mutane kujerar tasa ce. Ma'aikata sun zuba ido. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya ya yi?

Abu Safwan: Ka fara yi wa kamfanin rajista, ka raba asusunsa da aljihunka.

Autan Gida: Malam, da rajista tun kafin a haife ni. Maganar manaja nake.

Maman Ihsan: Ƙanina, ni ce baren da ke cikin labarinka. Shekara 11 ina riƙe da littafin kuɗi a wani kamfanin iyali, maigidan 'yata yake kirana. Da ya rasu aka ɗora min ɗansa a kai, yaron da ni na koya wa yanka rasit. Wallahi ba kujerar ce ta fi ƙona min rai ba. Taron ma'aikata na safiyar Litinin ne. Za a zaunar da mu a ce kowa ya kawo shawara, alhali an gama yanke komai a falo daren Lahadi. Ɗan gida ya zo ƙarfe 11, shiru. Direba ya makara minti goma, a yanke masa albashi. Kullum "ai mu duka iyali ɗaya ne", sai ranar rabon riba kowa ya san matsayinsa. Mu huɗu muka ajiye aiki cikin wata shida, kuma ba mu kira kwastoma ko ɗaya ba, da ƙafarsu suka biyo mu.

Baban Gwanjo: Allah ya saka miki Hajiya. Amma naka sai naka, daɗin zama sai bare. Ranar da kamfani ya shiga rami, bare zai ɗauki jakarsa, Yaya kuwa ba inda za shi.

Maman Ihsan: Alhaji, sau biyu ina yin wata uku ba albashi ban ɗauki jakar ba.

Ɗalibin Kasuwanci: Ku duba Adidas da Puma. Adolf da Rudolf Dassler uwa ɗaya uba ɗaya suke, kamfanin takalmi ɗaya suke da shi a Jamus, a 1948 suka rabu, Adolf ya kafa Adidas, Rudolf ya kafa Puma, har garinsu ya dare gida biyu. A Indiya, Dhirubhai Ambani ya rasu a 2002 bai bar wasiyya ba, sai da mahaifiyar 'ya'yansa Mukesh da Anil ta shiga tsakaninsu aka raba kamfaninsa Reliance a 2005. Abin lura, mallaka daban, shugabanci daban. Yaya ya riƙe kasonsa na hannun jari, dattijon ya riƙe aiki. Kuma Baba ya rubuta da hannunsa tun yana da ƙarfi.

Baban Gwanjo: Yaro, ka taɓa biyan albashin ko da mutum ɗaya? Mu da muka yi shekara 30 a ciki ba Jamus muka je ba.

Ɗalibin Kasuwanci: Ranka ya daɗe, shekara 30 ɗin nan, har yanzu kana tare da 'yan uwan da kuka fara?

Baban Gwanjo: Wannan wata magana ce.

Abu Safwan: Ka ba dattijon, ka ɗora masa kashi 5 cikin ɗari na ribar shekara. Haka muka yi wa namu.

Ummu Khairat: Kashi 5 bayan shekara 19? Cin fuska ne. Namu 15 yake karɓa.

Baban Gwanjo: Duk wanda ka ba kaso sai ya ce a buɗe masa littafi. Albashin wata guda kyauta a ƙarshen shekara, magana ta ƙare.

Sarkin Zolaya: Ka naɗa Yaya Babban Darakta Mai Kula da Harkokin Waje. Ka saya masa kujera mai juyawa, ka ajiye ta a waje 😂

Ummu Khairat: 😂 Amma ni duk ba wannan ne ciwon ba, bashin dangi ne. Ƙanin maigidana zai shigo sito ya ɗebi kaya ya ce wa yaron "rubuta da sunana". Wane ma'aikaci ne zai iya ce masa a'a? Ƙarshen wata lissafi bai cika ba, yaron ake tuhuma.

Maman Ihsan: Shafi guda na ware musu a littafina. Ranar da na kai wa sabon oga ya gani, cewa ya yi ina neman raba zumunci.

Autan Gida: Mu ma muna da wannan shafin, kuma sunan Yaya ne a sama. To jama'a, manajan fa?

Ummu Khairat: Dakata tukuna, nawa ake binsa?