Amana a wurin aiki: me kuka gani da idonku?

Mai injin casar shinkafa, Kura: Salamu alaikum. Ɗana ya dage sai na rubuta "gaskiya da riƙon amana" a allo na kafa a ƙofar injin, wai haka manyan kamfanoni suke yi. Ni dai ban ga yadda allo zai hana buhu ramewa ba. Wanda ya yi aiki a ƙarƙashin wani, ko ya riƙe ma'aikata, ya ba mu labari.

Ɗan dako, Dawanau: Alhaji, na yi aiki a wani sito mai irin allon nan, har da aya. Amma in mun gama lodin tirela, kuɗinmu sai "ku dawo gobe". Goben ta kan kai mako. Daga nan yara suka fara huda buhu, kowa yana gani, ba mai tonawa. Inda nake yanzu ba a rubuta komai ba, amma kafin la'asar an sallami kowa. Maigidan kan ce hadisi ne, a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Mai tsintar riɗi, Maigatari: Mu mata matsalarmu sikeli ce. Da a ɗaki ake aunawa, a fito a ce ga abin da kika yi. Da aka fito da shi tsakar fili, kowacce tana ganin kilonta, rigima ta mutu.

Manomin rani, Kadawa: Ku yi haƙuri, ba duka laifin masu gida ba ne. Na sakar wa wani yaro kuɗin man injin ban-ruwa, ban taɓa tambayarsa lissafi ba, har tumatirina ya ƙone da ƙishi. Yanzu komai a littafi yake, ni da su muna sa hannu. Wasu suka ce zargi ne. Na ce ai ko bashi, a Suratul Baƙara cewa aka yi a rubuta.

Bakanike, Haɗeja: Baba, akwai kuma tsawa. Inda ake zagin yaro in ya yi ɓarna, bel ɗin injin zai fara tsagewa yaron ya yi shiru, sai injin ya tsaya ana tsakar kaka. Wanda ya kawo maka labarin matsala, kada shi ya fara shan faɗa.

Mai injin, Kura: Ɗan Dawanau, in dillali bai biya ni ba ranar, ya maigidan naka yake yi?

Ɗan dako: Yana faɗa mana tun da safe, ya ba da rabi, ya sa ranar cikon. Bai taɓa ɗaga ta ba.