Na ɗora Windows 10 a tsohuwar Dell, Wi-Fi ya ɓace: ina zan samo direbobinta?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana kwamfuta da ke cikinmu.

Ina da laftof Dell Latitude E6420, ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Core i5 ce, RAM 4GB, kuma faifan nan mai juyawa ne a cikinta. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa da haɗa sakamakon ɗalibai a Excel. Tun da na saye ta Windows 7 ce a kanta. To Chrome ya daina sabunta kansa, wasu shafukan ma sai su buɗe rabi da rabi, shi ne ɗan yayata ya zo da filashi ya goge komai ya ɗora Windows 10 mai 64-bit.

Ta tashi lafiya lau, sauti ma yana fita. Amma Wi-Fi babu shi babu dalilinsa, ko alamarsa ba na gani a ƙasan allo. Rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, maɓallin rage haske ba ya aiki, ga shi hasken yana shanye ɗan batirin da ya rage mata. A Device Manager kuwa, inda Windows ke jera na'urorin cikin kwamfuta, ga alamar rawaya nan a jere: Network Controller, PCI Simple Communications Controller, Broadcom USH, da wani wai Unknown device.

Na shiga shafin Dell ta waya, na tarar babu Windows 10 a jerin wannan samfurin, su 7 da 8 ne. Duk da haka na sauke direban Wi-Fi (ɗan shirin da ke sa Windows ta iya aiki da na'urar) wanda aka rubuta Intel, ya ce bai ga na'urarsa ba. Na gwada na Dell Wireless, shi ma ya ƙi. Jarrabawa ta matso, kuma kun san yadda data take yanzu. Mene ne abin yi?

Ɗan Tasha ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam kada ka wahalar da kanka. Akwai manhajojin da danna ɗaya kawai za ka yi su nemo maka dukkan direbobi. Ko kuma ka mayar mata da 7 ɗinta, dama da ita aka haife ta.

Injiniya Mai Faci ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. Gyaran irin waɗannan kwamfutocin shi ne abincina, don haka bari in ɗan tsawaita.

Da farko duba gefen laftof ɗin, E6420 tana da ɗan makunnin Wi-Fi da ake turawa da yatsa, ka tabbatar a kunne yake. Ba shi ne matsalarka ba tunda ga alamar rawaya, amma kada mu gama aiki ya zo ya ba mu kunya.

Na biyu, ba sai da Wi-Fi za ka shiga intanet ba. Haɗa wayarka ta Android da igiyar caji, wadda take ɗaukar data ba ta caji zalla ba, ka shiga saitin wayar ka kunna USB tethering. Windows 10 tana gane wannan ba tare da ka sauke komai ba. Sai dai ka sa ido: tana ɗaukarsa kamar igiyar ofis ce da ba ta ƙarewa, nan take za ta fara jan sabuntawa masu nauyi. Idan kana da damar yin aikin da datar dare, yi da ita.

Yanzu asalin maganar. Sunan da ke jikin murfin tsohuwar kwamfuta ba ya gaya maka abin da ke cikinta. Ita E6420 tun 2011 ta fito, kuma ko daga kamfani ba kati ɗaya aka sa wa duka ba, wasu Intel ne, wasu Broadcom ne da Dell ta laƙaba wa sunanta. Balle wadda ta bi hannu da hannu kafin ta iso gare ka. A teburin gyara, idan katin Wi-Fi ya mutu, wanda ke cikin aljihun tebur shi ake soka mata, ko daga wace matacciyar laftof aka ciro shi. Tsofaffin HP da Lenovo da yawa BIOS ɗinsu, wato shirin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, yana ƙin baƙon kati, ita Dell galibi ba ta da wannan tsaurin, shi ya sa ake yawan samun baƙon abu a cikinta. Bakanike ba ya zuwa kasuwar sifiya ya ce a ba shi na Golf kawai, tsohon ƙarfen yake ɗauka ya tafi da shi a hannu. Haka za mu yi.

Buɗe Device Manager, ka danna dama a kan Network Controller, ka zaɓi Properties, sai Details. A akwatin da ke sama zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai kama da PCI\VEN_xxxx&DEV_xxxx. Lambobi huɗun da ke bayan VEN su ne kamfanin da ya ƙera guntun, na bayan DEV kuma ainihin samfurin. 8086 Intel ne, 14E4 Broadcom, 10EC Realtek, 168C Atheros, 10DE NVIDIA, 1002 kuma AMD. Wannan lambar daga jikin na'urar take fitowa, babu ruwanta da abin da mai shago ya faɗa maka. Yi haka ga duk mai alamar rawaya, har da abin da ke ƙarƙashin Display adapters, ka turo mana.

Ɗan Tasha, ɗan uwana, ban goyi bayanka ba a duka biyun. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Chrome kuma a lamba 109 ya tsaya mata, abin da ya kori Malam kenan tun farko. Su kuma manhajojin danna-ɗaya, yawancin waɗanda ke fitowa a saman bincike tare da 'yan rakiya suke zuwa: wani burauza da ba ka nema ba, wani mai kiran kansa maganin bairos da zai zaune wa RAM 4GB ɗin nan. Kuma son su shi ne su sa mafi sabon direba, alhali tsohuwar na'ura wanda ya dace da ita take so, ko da ya tsufa.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Igiyar waya ta yi aiki, da ita nake rubuta wannan. Ga abin da na gani:

Network Controller: PCI\VEN_14E4&DEV_4365
PCI Simple Communications Controller: PCI\VEN_8086&DEV_1C3A
Broadcom USH: USB\VID_0A5C&PID_5801
Unknown device: ACPI\SMO8800
Na allo an rubuta Microsoft Basic Display Adapter: PCI\VEN_8086&DEV_0126

Amma na shiga Windows Update kamar yadda ɗan yayata ya ce, ya yi ta juyawa bai kawo komai ba.

Injiniya Mai Faci ya rubuta:

To madalla, yanzu muka ga fuskar mara lafiya.

14E4 da 4365 shi ne Broadcom BCM43142. A kwamfutocin Dell sunansa Dell Wireless 1704, kuma a su Inspiron da Vostro aka saba ganinsa, ba a wannan Latitude ɗin ba. Wato dai an canza mata kati kafin ta zo hannunka, shi ya sa duk abin da ka sauke daga shafin E6420 ya ƙi. Idan kana son tabbatarwa, juya ta ka karanta Service Tag, haruffa da lambobi bakwai ne, ko ka danna F2 lokacin da take tashi ka gan shi a BIOS. Sa shi a shafin Dell, zai nuna maka kayan da ta fito da su daga kamfani.

Inda za ka samo direban: shiga shafin Microsoft Update Catalog, ka rubuta VEN_14E4&DEV_4365 a wurin bincike, ka zaɓi na Windows 10 ko 8.1 mai 64-bit. Idan bai ba ka ba, nemi Dell Wireless 1704 a shafin Dell kai tsaye. Ka kula da 64 ɗin nan, direban 32-bit ba ya hawa kan Windows mai 64 ko da na'urar ɗaya ce. Fayil ɗin Catalog da .cab yake ƙarewa, babu abin dannawa ya shiga da kansa. Buɗe shi ka kwashe abin ciki zuwa wata folda, ka koma Device Manager, danna dama, Update driver, Browse my computer, ka nuna masa foldar.

Wannan hanyar ka riƙe ta da kyau, domin ita ce ke ceton tsofaffin kwamfutoci. Sau da yawa idan direban Windows 7 ko 8 ya ce bai dace da wannan tsarin ba, ba direban ne ya ƙi ba, ɗan shirin da ke girka shi ne yake duba sunan Windows ya juya baya. Sai ka fasa fayil ɗin da manhajar 7-Zip, a ciki za ka ga mai ƙarewa da .inf, ka nuna wa Device Manager shi da hannunka. Da yawa daga direbobin 7 da 8 a haka suke zama daram a kan 10.

Na allo Intel HD Graphics 3000 ne. Intel ba ta fitar masa da direban Windows 10 a hukumance ba, amma akwai 9.17.10.4459 da ake samu ta Windows Update, kuma yana aiki. Da ya hau, rubutu zai daidaita, maɓallin haske zai dawo. Shi da na Wi-Fi su ne na wajibi.

Sauran ukun ba za su hana ka buga jarrabawa ba. 1C3A shi ne Intel Management Engine, akwai shi a shafin E6420 ƙarƙashin Chipset. Broadcom USH na ɓangaren tsaro ne, mai karanta zanen yatsa da katin shaida, Dell tana kiransa ControlVault. SMO8800 ne kawai zan ce kada ka bari: shi ne yake jin laftof tana faɗowa ya janye allurar faifai kafin ta daki ƙasa. Mai SSD, faifan da ba ya juyawa, ba ruwansa da shi, kai kuwa faifai mai juyawa gare ka, kuma a jaka kake yawo da ita a kan babur na tabbata. Nemi ST Microelectronics Free Fall Sensor.

Maganar Windows Update da bai kawo komai ba ce ta ɗan tsaya mini a rai. Tambayi yaron daga ina ya samo filashin. Akwai Windows ɗin da ake yayyankewa wai don ta yi sauri, ana cire mata direbobi har da shi kansa Update ɗin. In irinta ce, bayan jarrabawa ka sauke ta asali daga shafin Microsoft a sake aikin. Kafin nan duba View optional updates, can ake ɓoye direbobi, ka kuma tabbatar ba a sa Metered connection, saitin tsimin data, ba, don in an sa ba ta sauke direba sai ka ba ta izini.

Maman Hafsat, Maraɗi, ta rubuta:

Sannunku da aiki. Mu nan yawancin injinanmu da Faransanci suke, wanda ke bin bayanin Injiniya ya nemi Gestionnaire de périphériques, sannan Détails, sannan Numéros d'identification du matériel. Lambobin iri ɗaya ne.

Amma Malam, ita ma Windows 10 an daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, kuma 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da Intel na zubi na takwas zuwa sama, taka ta zubi na biyu ce. A wurin buga takardunmu tsofaffin injina biyu Linux Mint Xfce muka sa musu a madadin Windows, allo da sauti da linzami duk suka tashi ba mu nemi komai ba. Kana iya gwada ta daga filashi ba tare da ka taɓa faifanka ba. Ba zan ɓoye maka ba, katin Broadcom irin naka a can ma sai ka haɗa igiyar waya ka shiga Driver Manager ka zaɓar masa direba. Kuma in takardun sakamakonka na Excel suna da macro, wato umarnin da aka haɗa don ya yi aiki da kansa, ka fara buɗe su a LibreOffice, madadin Excel a can, ka ga ko lissafin ya fita daidai kafin ka yanke shawara.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Hajiya na gode, zan gwada a hutun ƙarshen zango, yanzu ba lokacin koyon sabon abu ba ne.

Injiniya, allo ya dawo daidai, alamar rawaya ta Wi-Fi ta tafi, har ina ganin layukan maƙwabta. Abin mamaki, hotspot ɗin wayata ne kaɗai ba ta gani, alhali wayar uwargida tana kama shi. Ko direban ne bai zauna sosai ba?

Injiniya Mai Faci ya rubuta:

Direban lafiyarsa ƙalau, kada ka taɓa shi. BCM43142 zangon 2.4GHz kawai yake ji, wayarka kuma ga alama a 5GHz take watsawa. Shiga saitin hotspot, nemi AP band ka mayar 2.4GHz. Masu iPhone su kunna Maximize Compatibility.

In ya kama, tun komai yana aiki ka soka filashi, ka buɗe folda a ciki mai suna direbobi, ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta wannan, ka sa harafin filashinka a madadin E:

dism /online /export-driver /destination:E:\direbobi

Zai kwashe duk waɗanda muka sha wahalar nema ya zuba a wurin. Ranar da za a ɗora Windows ta asali, foldar kawai za ka nuna wa Device Manager, ka sa alama a Include subfolders. Ka ajiye kwafi ɗaya a wani wurin daban, don filashin malamin makaranta ba ya rasa mai aro.