Kabu-kabu ko ajiyar aya? Ku ba ni shawara

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum. Shekara 2 da gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, har yau ba aiki. Na tara jikka 600 (sefa dubu 600) daga koyarwa a wata lakkol mai zaman kanta. In sayi mashin in shiga kabu-kabu, ko in sayi aya a Agye da kaka in ajiye sai bazara? Barin Maraɗi ba ya ciki, tsohuwata ba lafiya.

Sarkin Tasha: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, tafi Agadas kawai, can kuɗi suke.

Baban Hajara: Ɗana, ajiya ta taɓa kashe ni da raina. A 2023 na sayar da jajayen awakin uwargida guda 9, na haɗa da bashi, na cika shago da wake don in kai Jibiya. Aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, iyaka ta rufe. Kullum ina cewa gobe za a buɗe. Sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, lokacin ƙwari sun mayar da rabin buhunan gari. Mai bashi har ƙofar gida yake sallama, gaban 'ya'yana. Uwargida ba ta taɓa tada zancen awakin ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Hajiya Mai Zogale: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma shi aya ya ce, aya ba ta jin ƙwari kamar wake.

Baban Hajara: Iyaka dai ɗaya ce, Hajiya. An rufe a 2019, an sake a 2023.

Ruwa-Ruwa: Mashin jikka 550 na sayi nawa, sabo.

Ɗan Zariya 2: Wace shekara? Satin jiya 700 aka ce mini, ban da takardu.

Ruwa-Ruwa: An ga takalminka ne aka ƙara.

Malam Lisafi: Ku bar hayaniya. A Yulin 2024 aka mayar da litar esansi sefa 499. Ya lissafa mai, gyara, abin da zai rage.

Ruwa-Ruwa: Malam, ka taɓa ɗaukar fasinja daga babbar kasuwa zuwa Ali Ɗan Sofo cikin rana? Wanda bai hau ba ya yi shiru.

Malam Lisafi: Kai da Najeriya ta janye tallafin mai ka rasa sana'ar sayar da mai, kai ne mai ba da shawara?

Hajiya Mai Zogale: Ni abin da ke damuna, masu mashin sun fi fasinja yawa. Yaran ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji duk sun kwararo gari, gona ba ta nomuwa saboda masu satar mutane. Ko a Jiratawa samun mai ban ruwa ya zama aiki.

Sarkin Tasha: Ƙanen matata shanunsa 4 aka kora dare ɗaya.

Ɗan Mokoyo: Allah ya kyauta. To ayar fa, nawa buhu yanzu a Agye?

Baban Hajara: Wane ƙauye ne, Sarkin Tasha? Ina da 'yar'uwa a wajen Gabi.