Muhawara: Shin Kyamara Tana da Hurumin Cin Direba Tara?

Ɗan kasuwa, Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Legas ta sanar da cewa kyamarorin da ta kafa a kan tituna za su riƙa kama masu gudun wuce kima da masu karya danja, inda ta ƙayyade kilomita 80 a awa ɗaya a Alapere, da kilomita 60 a titin Mobolaji Bank Anthony da ke Ikeja. Tarar gudu naira 50,000 ce, ta karya danja kuma naira 20,000, kuma ta saƙon tes mutum zai ji labari. Ra'ayina shi ne wannan tara haramtacciya ce, domin an yanke wa mutum hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ina son masana doka da direbobin da ke wannan zaure su faɗa mana inda gaskiya take.

Lauya, Kaduna: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganarka tana da tushe a sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya bai wa kowa haƙƙin a saurare shi, ya kuma ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sai dai ban yarda a yi wa tsarin kuɗin goro a ce haramtacce ne ba. Hoton da kyamara ta ɗauka shaida ce, kuma kotuna suna karɓar shaidar na'ura tun da aka yi Dokar Shaida ta 2011. Idan saƙon da aka aiko yana nufin ka biya ko ka je gaban alƙali ka kare kanka, to doka ba ta karye ba. Inda matsala take shi ne a mayar da saƙon ya zama hukuncin ƙarshe, a hana ka sabunta takardun mota har sai ka biya, alhali babu alƙalin da ya duba maganar. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an VIO, wato masu duba lafiyar motoci, ba su da ikon ƙwace mota ko cin direba tara, kuma duk da cewa wannan shari'a ba a kan kyamara aka yi ta ba, dalilin da kotun ta dogara da shi ya shafe ta, wato hukunta mai laifi aikin kotu ne.

Tsohon direban tirela: Barista, Allah ya ƙara basira, amma akwai abin da ku masu ofis ba ku cika gani ba. Kyamara lamba take karantawa, ba ta san wanda ke riƙe da sitiyari ba. A tasharmu mota ɗaya takan ratsa hannun mutum uku ko huɗu ta hanyar dillalai, ba a taɓa canza sunan da ke takarda ba, kuma lambar wayar da ke rajista ta wanda ya fara shigo da ita ce. Saƙon tara sai ya tafi can, mai motar na yanzu bai san hawa ba bai san sauka ba, sai ranar da ya je sabunta takardu a buɗe kwamfuta a nuna masa bashin da ya taru. A lokacin ina zai tuna ko shi ne ya tuƙa a wannan rana ko yaronsa?

Ma'aikaciyar jinya: Baba, na fahimci kukanka, amma ina roƙon zauren nan kada mu manta da dalilin kafa waɗannan na'urori. Ni a ɗakin haɗari da gaggawa nake aiki, kuma na san bambancin wanda mota ta buge tana tafiya a hankali da wanda ta kwashe tana gudu. Na farko yakan zo da karaya, na biyu sau da yawa sai dai a rufe shi da mayafi a kira danginsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa a hatsari da kashi 4 cikin 100. Faransa ta fara kafa irin waɗannan kyamarori a 2003, kuma mutanen da ke mutuwa a titunanta sun ragu daga sama da 7,000 a 2002 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010, ko da yake wasu matakan ma sun taimaka. Sannan kyamara ba ta karɓar na goro, ba ta kuma duba fuska ko ƙabila kafin ta rubuta.

Ɗan kasuwa, Mile 12: Hajiya, na'urar ba ta karɓa, amma mutanen da ke bayanta fa? A birnin Chicago na Amurka an ɗaure wani jami'in sufuri mai suna John Bills shekara 10 a 2016 saboda cin hancin da ya karɓa daga kamfanin Redflex mai kwangilar kyamarorin danja. Jihar Texas kuwa haramta su ta yi a 2019. Muddin kuɗin shigar gwamnati ko ribar ɗan kwangila suna ƙaruwa da yawan waɗanda aka kama, ba zan daina zargin wurin da aka zaɓa aka kafa kyamara ba. Kuma kowa yana ganin motocin manya da aka lulluɓe lambarsu da baƙar fata suna wucewa da jiniya. Waɗannan me kyamara za ta karanta a jikinsu?

Lauya, Kaduna: Wannan batu na lambar da aka rufe shi ne mafi ƙarfi a duk abin da aka kawo, Alhaji, kuma na goyi bayanka a kansa ɗari bisa ɗari, domin dokar da talaka kaɗai take kamawa ta rasa adalcinta ko da an rubuta ta daidai. Game da tambayar Baba, Ingila ta daɗe da warware ta. A can dole ne a aika wa wanda sunansa ke rajista takardar sanarwa cikin kwana 14, shi kuma doka ta wajabta masa ya faɗi wanda ke tuƙi. Wasu direbobi biyu sun kai ƙara cewa hakan tilasta mutum ne ya ba da shaida a kan kansa, amma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yi watsi da ƙorafin a 2007. Abin da ya sa tsarin yake tafiya a can shi ne rajistarsu sahihiya ce, sanarwa tana isa da wuri, kuma ƙofar kotu a buɗe take. A nan ma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba ɗan Najeriya damar ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, ya nemi mutum ya sake dubawa.

Tsohon direban tirela: To Barista, sai a fara gyara rajistar kafin a fara karɓar kuɗi, a kuma kafa allon da ke nuna iyakar gudu a inda direba zai gan shi tun daga nesa. Kuma a duba cewa naira 50,000 ga mai tasi ta kusa cinye mafi ƙarancin albashin wata na ƙasa, wato naira 70,000, alhali ga wani kuɗin man kwana biyu ne.

Ma'aikaciyar jinya: Duk sharuɗɗan nan na amince da su, Baba, har da a duba ƙarfin aljihu kamar yadda Finland take auna tara da kuɗin shigar mutum. Abin da ban amince da shi ba shi ne a kashe kyamarorin har sai an gama gyara, domin gyaran rajista zai ɗauki shekaru, masu tsallaka titi a Alapere kuwa gobe da safe za su fito.

Ɗan kasuwa, Mile 12: Na janye kalmar haramci, Barista, amma ban janye ƙorafina ba. Idan saƙon ya shigo wayata, ina son ya zo da hoton motata da lokaci da wuri, da sunan kotun da zan je idan ban yarda ba, kuma kada a taɓa takarduna kafin alƙali ya yi magana.