Fuskokin mutane sun koma kore a talabijin ɗinmu

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya talabijin ɗinmu ta rikice. Fuskar mai karanta labarai ta koma kore-kore kamar marar lafiya. Autana yana yawan wasa da rimot, ban sani ba ko shi ya taɓa wani abu. Wallahi abin ya dame ni.

Mai Gyara:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Fara buɗe menu na talabijin ɗin. In rubutunsa fari ne tas, allon lafiya lau yake, matsalar daga saiti ce ko dikoda ko wayar HDMI, wato wayar da ke haɗa dikoda da talabijin. Zare wayar ki sake sokawa sosai, ko ki canza mata rami. Sai ki shiga saitin hoto ki nemi inda aka rubuta Tint, shi ke karkatar da launi tsakanin kore da ja. Mayar da shi tsakiya.

Baban Yara:
Tawa shuɗi-shuɗi ta yi, har da menu. Na sha wahalar saiti a banza, ashe fitilun LED na bayan allo ne suka tsufa, sai da aka canza su.

Maman Biyu:
Tint ɗin ne! Yaron ya ja shi har ƙarshe wajen kore. Allah ya saka da alheri, Malam.