Shin fim ɗin da jama'a ke rububi yana cin kyauta?

Ɗan Kusri: Ni dai na tsaya a kan bakana. Fim ɗin da ke cika gidan kallo da ihu ba ya cin kyauta. Alƙalan nan sun fi son wanda mutum zai zauna bakin kogi rabin awa bai ce uffan ba.

Malama daga Garwa: Ƙanina, ka yi tuya ka manta albasa. Titanic fa? Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, har 11 ya kwashe a 1998, kuma har a nan Garwa an yi ta hawaye a kansa. Kashi na uku na The Lord of the Rings ma 11 ya ɗauka a 2004, ga dodanni, ga yaƙi.

Ɗan Kusri: Kuɗi ne suka yi magana, Yaya.

Mai Shayi: To RRR, fim ɗin Indiya? Waƙarsa Naatu Naatu ta ci Oscar a 2023. Yaran da ke shan shayi a teburina har yau suna taka rawar.

Ɗan Kusri: Waƙa kaɗai! Indiya da kanta ba shi ta tura gasar a madadin ƙasa ba.

Kawu daga Injamena: Ku bar Amurka, ku dawo gida. Mahamat-Saleh Haroun ya samo wa Chadi kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 2010, shekara ta zagayo aka sake buɗe silimar Normandie ta Injamena. Mun yi murna, amma tsakani da Allah, cikinku wa ya kalli fim ɗin? Kowa na kan fim ɗin Kano da Indiya-Hausa.

Malama: Kawu, rashin kallonmu ba laifin alƙalai ba ne.

Kawu: Akwai nasu, 'yata. FESPACO, gasar finafinan Afirka ta Wagadugu, tun 1969 ake yin ta, amma sai a 2015 aka bar fim ɗin dijital ya shiga babbar gasa. Kafin nan sai mai zaren 35mm. Kin ga duk abin da Kano da Legas suka zuba a kaset da faifai, ƙofar ma ba a buɗe masa ba, balle a ce ya faɗi.

Ɗan Kusri: Yawwa! Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Malama: A'a, kai cewa ka yi ba ya ci. Kawu cewa ya yi ba a bar shi ya shiga ba. To shekarun nan da ƙofa take buɗe, wanne za ka tura?

Mai Shayi: Ya karanta fa, ya yi shiru.