Tambaya: wai a Amurka wa ke da iko da zaɓe, tarayya ko jihohi?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu bibiyar siyasar Amurka ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Akwai wata doka wai ita SAVE da majalisar wakilansu ta amince da ita a Afrilun 2025, wadda ta ce duk mai son yin rajistar zaɓe sai ya nuna takardar da ke tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ne. Ni dai a ganina wannan ai ba abin rigima bane, ya za a yi baƙo ya zaɓa wa masu ƙasa shugaba? Amma sai naji ana ta cece-kuce. Sannan kafin nan a watan Maris Trump ya sa hannu a wani umarni kan wannan maganar, jihohi suka maka shi a kotu, kotu kuma ta ce ba shi da hurumi. Shugaban ƙasa guda fa. To su ba su da irin INEC ɗinmu ne? Waye ke tsare zaɓen nasu?

Barista Na-Allah:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ba su da INEC, ko mai kama da ita. Kundin tsarin mulkinsu tun a babi na farko sashe na 4 ya ce majalisun jihohi ne za su tsara lokaci da wuri da yadda za a yi zaɓen 'yan majalisar tarayya, sai ya ƙara da cewa majalisar tarayya tana iya yin nata ƙa'idojin ko ta sauya na jihohin duk sanda ta ga dama. To ka ga ɓangare biyu aka ambata, jihohi da majalisa. Ba a ambaci shugaban ƙasa ba ko kaɗan. Shi yasa a Afrilun 2025 wata alƙaliya a Washinton ta dakatar da ɓangaren umarnin Trump na neman takardar zama ɗan ƙasa, kuma jihohi 19 da suka shigar da tasu ƙarar a Massachusetts su ma kotu ta ba su gaskiya a watan Yuni. Kotu ba ta ce ra'ayin nasa ba shi da kyau ba, cewa ta yi ba aikinsa bane, in ana so a yi to majalisa ce za ta yi.

Majalisar kuwa nan gizo ke saƙar. SAVE ta wuce a majalisar wakilai da ƙuri'a 220 da 208, amma a majalisar dattawa sai an samu sanatoci 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a, kuma 'yan Rifablikan ba su kai 60 ba.

A aikace ma ba gwamnatin jiha ce ke riƙe akwati ba, gundumomi da ƙananan hukumomi ne, dubbai, kowacce da jami'inta na zaɓe. Shi yasa za ka ga a Oregon ta gidan waya ake aiko wa kowa takardar ƙuri'arsa har gida, a Dakota ta Arewa kuma babu ma rajistar masu zaɓe gaba ɗaya, katin shaidarka kawai za ka zo da shi. Ƙasa ɗaya ce amma tsarin kala-kala.

Tarayya tana shigowa ne yawanci in an yi ɓarna. Misali zaɓen 2000 tsakanin Bush da Gore, da aka yi ta rikici a Fulorida kan tsofaffin na'urorin huda kati, tazarar ƙuri'a 537 kacal, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga. Bayan nan ne aka yi dokar HAVA a 2002, aka bai wa jihohi kuɗi su sauya na'urori, aka tilasta kowace jiha mai rajista ta haɗa rajistarta a kwamfuta wuri ɗaya, kuma in ka zo rumfa ba a ga sunanka ba dole a ba ka ƙuri'ar wucin gadi a ajiye ta gefe har a bincika. An kafa wata hukuma EAC, amma taimako da ba da shawara da gwajin na'urori ne aikinta, ba ta sanar da sakamako. Haka bayan 'yan kutsen Rasha sun shiga rajistar jihar Illinois a 2016, majalisa ta ware wa jihohi dala miliyan 380 a 2018 don su gyara tsaronsu.

Maman Ilham:

Barista Allah ya saka da alheri. Ni a Jojiya nake zaune kuma ina kaɗa ƙuri'a anan, bari in faɗa wa ƙanena Ɗan Fagge abin da yasa ake surutu akan SAVE, don daga nesa kamar ba komai.

Na farko tun 1996 laifi ne a dokar tarayya wanda ba ɗan ƙasa ba ya yi zaɓen tarayya, ɗauri ne da kora daga ƙasa, kuma a fom ɗin rajista kana sa hannu ne da rantsuwa cewa kai ɗan ƙasa ne. Wanda ya sha wahalar shekaru kafin ya samu takardun zama wlh ba zai jefa kansa a wannan ba saboda ƙuri'a ɗaya. Anan jiharmu sakataren jiha Raffensperger, wanda shi ke kula da harkar zaɓe, kuma ɗan Rifablikan ne, ya sa an bincika rajista a 2024, cikin mutum miliyan 8.2 aka samu 20 da ba 'yan ƙasa ba. To a cire su a hukunta su, babu mai musu.

Matsalar ita ce ta ɗaya ɓangaren. Kusan rabin Amurkawa ba su da fasfo, don mutum zai iya rayuwarsa har ya mutu bai taɓa fita ƙasar ba. Sai takardar haihuwa, kuma matan nan yawancinsu in sun yi aure suna ɗaukar sunan miji, to sunan da ke takardar haihuwa daban na lasisin tuƙi daban, sai ta nemo takardar aure, in ta taɓa fita ta sake wani auren sai ta nemo wancan ma. Akwai wata tsohuwa maƙociyata da aka haifa a ƙauye a gida, hannun ungozoma, takardar haihuwarta sai daga baya aka yi mata kuma an rubuta sunan ba daidai ba, matar nan shekara da shekaru tana zaɓe. Kuma dokar tana so ka kai takardun da kanka ofis, kenan rajista ta gidan waya ta zama ba ta da amfani. An ma gwada irinta a Kansas, mutum sama da dubu 30 aka tsayar wa rajista, kotun tarayya ta soke dokar a 2018.

Ni abin da na gani da idona yake tsare zaɓe shi ne takarda. In na je rumfa sai in miƙa lasisina, a duba sunana a wata 'yar kwamfutar hannu, a ba ni kati in sa a na'ura in danna waɗanda nake so, na'urar ta buga min takarda, in tsaya in karanta in ga ko abin da na danna ne ya fito, sannan in zura ta a wata na'urar ta ƙirga ta faɗa cikin akwati mai kulle. Wakilan jam'iyyu suna nan suna kallo. A 2020 da aka ce an yi maguɗi, takardun nan kusan miliyan 5 aka zauna aka ƙirga da hannu ɗaya bayan ɗaya, Biden dai ya ci. Kuma kowa ya ji wayar da Trump ya yi wa Raffensperger a Janairun 2021 yana neman ƙuri'a 11,780, mutumin ya ƙi. Abin da ya ba shi ƙarfin ƙi shi ne ba Trump ne ya naɗa shi ba, mutanen Jojiya ne suka zaɓe shi, shugaban ƙasa ba shi da ikon tsige shi. Don haka ni ina tare da a bar wa jihohi.

Abu Sumayya Gusau:

Hajiya da girmamawa amma ban yarda da ƙarshen maganarki ba. Mu da muke Najeriya mun san me ake nufi da a bar wa jihohi. Zaɓen ƙananan hukumomi ai hukumomin zaɓe na jihohi ne ke yi, gwamna ne ke naɗa su, kuma sakamakon kowa ya san shi tun kafin a buga takardu. A Kano a Oktoban 2024 NNPP ta cinye duka 44, kuma ba Kano kaɗai ba, jihohin APC haka, na PDP haka, yawanci jam'iyyar da ke gidan gwamnati ita ke sharewa tas, sau da yawa ko kansila ba a bari. Sai a Abuja da INEC ke yin na ƙananan hukumomi shida ne za ka ga an raba kujeru tsakanin jam'iyyu. Ni wannan abin yana ci min rai don mutanenmu sun daina fita ma.

Kuma a Amurkan ma ai jihohin ne suka yi shekaru suna hana baƙaƙen fata zaɓe, da jarrabawar karatu da harajin ƙuri'a da tsoratarwa. A Mississippi kafin 1965 ko kashi 7 cikin 100 na baƙaƙen fata ba su da rajista, da tarayya ta yi dokar 'yancin zaɓe a shekarar, zuwa 1967 sun kusa kashi 60. Ba don tarayya ta shigo da ƙarfi ba da ke kanki Hajiya ba ki samu layin da za ki tsaya ba a Jojiya. Dokar ta ce jihohin da suka yi ƙaurin suna sai sun nemi izinin Washinton kafin su taɓa ƙa'idar zaɓe, da Kotun Ƙoli ta rushe wannan ma'aunin a 2013 a ranar Texas ta ce za ta fara aiki da tsattsaurar dokarta ta katin shaida. To ina amanar jihohin take?

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Yaya Maman Ilham batun sunan mata ban taɓa kawo shi a raina ba. Amma Malam Abu Sumayya, INEC ɗin da kake so a miƙa wa komai ai ita ce ta yi mana alƙawarin BVAS da ɗora sakamako a IReV kai tsaye, ranar 25 ga Fabrairun 2023 na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a kan lokaci. Shugabanta kuma shugaban ƙasa ke naɗawa. Toh ina za mu sa kanmu?

Barista Na-Allah:

Duk ku biyun abin da kuka kawo gaskiya ne, kuma ku lura da abu ɗaya, a Amurka jam'iyyun biyu kowacce ta taɓa tsayawa a kowane ɓangare. A 2021 'yan Dimokrat ne suka kawo babbar dokar da za ta tilasta wa jihohi buɗe zaɓe da wuri da ƙuri'ar gidan waya, 'yan Rifablikan suka ce wannan ƙwace ne, zaɓe na jihohi ne, kuma ƙa'idar nan ta 60 ce ta kashe ta, don sanatocin Dimokrat biyu, Manchin da Sinema, sun ƙi yarda a cire ƙa'idar a Janairun 2022. Yanzu SAVE ta zo, 'yan Dimokrat ne ke cewa a bar wa jihohi. Ko a Janairun 2017 da gwamnatin Obama ta sa kayan zaɓe cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da tarayya za ta taimaka wajen karewa, Brian Kemp, lokacin yana sakataren jihar Jojiya, yana cikin waɗanda suka fi adawa. A shekarar kuma kwamitin da Trump ya kafa ya nemi bayanan masu zaɓe, jihohi da yawa har da na jam'iyyarsa suka ƙi ba da cikakke, aka rushe kwamitin a Janairun 2018.

Ni ra'ayina, tarayya ta kafa mafi ƙarancin ƙa'idar da ba a sauka ƙasa da ita, kamar dole a samu takardar ƙuri'a da za a iya sake ƙirgawa, dole a yi binciken sakamako bayan zaɓe, kar a hana kowa saboda launinsa, kuma ta ba da kuɗin. Amma riƙe rajista da ƙirga ƙuri'a kar ya koma hannun mutum ɗaya, ko shugaban ƙasa ne ko gwamna. Ciwon hukumomin zaɓen jihohinmu ba sunan jiha bane Malam Abu Sumayya, mai takara ne yake naɗa alƙalin wasa yake kuma biyansa albashi. Kwamitin Mai Shari'a Uwais tun 2008 ya ba da shawarar a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa, ba a ɗauka ba. In aka miƙa wa INEC ƙananan hukumomi 774 ba tare da an gyara wannan ba, an dai sauya wanda zai matsa mata ne.

Wani bambancin kuma, mu 'yan sanda na tarayya ne kuma ana baza sojoji ranar zaɓe, su kuwa akwai tsohuwar dokar tarayya da ta haramta kai sojoji ko masu makamai na gwamnatin tarayya rumfar zaɓe.

Maman Ilham:

Malam Abu Sumayya na karɓi maganarka akan 1965, gaskiya ce kuma tsofaffin da na sani anan suna ba da labarin da bakinsu. Irin wannan shigowar ta tarayya ina so, wadda ke buɗe wa mutane ƙofa. SAVE ce dai ban yarda da ita ba.

Sannan don Allah 'yan'uwanmu da ke nan masu girin kad ko bizar karatu, in kun je yin lasisin tuƙi ko wani ya tare ku a bakin kanti da fom yana cewa ku yi rajistar zaɓe, ku ce a'a, ku karanta kowace takarda kafin ku sa hannu, in akwai gurbin tambayar ko kai ɗan ƙasa ne kar ka kuskura ka cika eh. Ko da kuskure ne sunanka ya shiga, ranar da ka je neman zama ɗan ƙasa za a tambaye ka, kuma yana iya ɓata maka komai. In ma ka ga an aiko maka da katin rajista ba ka nema ba, kar ka je rumfa, ka nemi lauyan shige da fice tukuna ya nuna maka yadda za a cire sunan a rubuce.